Darasin hisabin kusufi a Maradi: abin da na samu da jikka biyar

A watan jiya na biya jikka biyar na shiga wani darasi na dare uku da wata cibiyar koyon kwamfuta ta shirya a unguwar Zariya, nan cikin Maradi. Takardar da aka liƙa a ƙofar cibiyar ta yi alkawarin cewa duk wanda ya kammala zai iya lissafa kusufin rana da hannunsa, ya faɗi ranarsa da sa'arsa da garuruwan da zai bi ta kansu. Tunda abokan aiki da dama a lakkwal sun tambaye ni ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, kuma na ji za a sake buɗe darasin ga wasu, na ga ya dace in rubuta abin da na gani dalla-dalla. Hukuncina shi ne dare biyu na farko sun fi ƙarfin kuɗin da aka karɓa, dare na uku kuwa bai kai ga abin da takardar ƙofa ta faɗa ba, kuma laifin ba na malamin ba ne shi kaɗai.

Abin da ya kai ni wurin shi ne kusufin ranar Asabar, 6 ga Fabrairu 2027, irin wanda ake kira kusufin zobe, wato wata ya shiga tsakiyar rana daidai amma ya kasa rufe ta duka, sai a bar wani siririn da'ira na wuta kewaye da baƙinsa. Zai fara daga tekun Fasifik, ya ratsa Cile da Ajantina, ya ƙetare tekun Atlantika, ya zo ya ƙare da faɗuwar rana a gaɓar Kodebuwa da Gana da Togo da Benin da kudu maso yammacin Nijeriya. Ɗalibaina sun ji labarinsa a rediyo, ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni yadda mutum zai san abin da bai faru ba tukuna, ni kuwa ban da amsar da ta wuce cewa masana sun lissafa. Ina cikin waɗanda suka tsaya a filin lakkwal ranar Laraba, 29 ga Maris 2006, sa'ad da duhu ya rufe Maradi da hantsi, kaji suka nufi akurki, masallatai suka cika, amma shekarun nan duka ban taɓa sanin ta inda ake kamo lissafin ba.

Mai koyarwar tsohon malamin kimiyya ne na lise da ya yi ritaya, kowa Mushe yake ce masa. Mu goma sha huɗu ne a ajin, akwai malaman makaranta, da ɗaliban jami'a uku, da wani tela, da wani dattijon limami da ke zama a kujerar gaba da ƙaramin littafinsa na rubutun ajami.

A daren farko bai bari an kunna kwamfuta ko ɗaya ba. Ya rataya faifai a bangon gaba, ya ce kowa ya fito da kuɗin ƙarfe na dala ashirin, ya koma ƙarshen ɗaki, ya rufe ido ɗaya, ya riƙe kuɗin tsakanin idonsa da faifan. Idan ka matso da kuɗin kusa da ido, faifan ya ɓace gaba ɗaya. Idan ka miƙe hannu har iyakarsa, sai ka ga bakin faifan ya leƙo ta kowane gefe. Telan ne ya fara cewa "Ga zoben nan!" da ƙarfi, aka yi dariya, Mushe ya ce to an gama rabin darasin yau, saura a sa wa abin lamba. Na sha karanta bayanin nan a littattafan Faransanci, amma sai da na ga bakin faifai ya kewaye dala ashirin a hannuna na gane cewa bambancin cikakken kusufi da na zobe ba kome ba ne illa tazarar wata daga ƙasa a ranar.

Lambobin da ya rubuta a allo kaɗan ne, kuma a nan gwanintarsa ta fito. Faɗin rana kusan kilomita 1,392,000 ne, na wata 3,474, wato rana ta ninka wata sau 400 a girma, amma kuma ta ninka shi kusan sau 400 a nisa, shi ya sa ido yake ganinsu kamar kai ɗaya. Sai dai babu ɗayansu da nisansa yake tsaye wuri guda. Wata yana matsowa har kusan kilomita 363,300, ya ja baya har kusan 405,500, ita ma ƙasa tana kusantar rana a farkon Janairu da kilomita miliyan 147.1, ta yi nesa da ita a farkon Yuli da miliyan 152.1. Maimakon ya ɗora mana lissafin kusurwoyi, sai ya ba mu hanyar da ɗan aji shida zai iya bi: a raba nisan abu da faɗinsa. Na rana yana fitowa tsakanin 106 da 109, na wata kuwa yana yawo tsakanin kusan 105 da 117. Duk ranar da lambar wata ta fi ta rana yawa, wata ya yi ƙanƙanta a ido, zobe za a gani. Idan ta gaza ta rana, ya isa ya rufe ta ruf. Ya ja kunnenmu cewa a cire kilomita 6,400 daga nisan wata idan kusufin na tsakar rana ne, domin nisan da ake rubutawa daga tsakiyar ƙasa ake aunawa, mu kuwa a bayanta muke tsaye. Wannan ɗan gyaran shi ke bayyana kusufin nan mai fuska biyu, wanda yake fara da zobe da safe, ya zama cikakke da tsakar rana, ya sake komawa zobe da marece.

Daga nan ya ninka 3,474 da 107.5, wato tsakiyar 106 da 109 na rana, aka sami kusan kilomita 373,000, ya ce wannan shi ne tsawon baƙar inuwar da wata yake ja a bayansa, mai siffar tsinin mashi. Matsakaicin nisan wata kuwa 384,400 ne. Ashe a mafi yawan lokuta tsinin inuwar ba ya kaiwa ƙasa, yana ƙarewa a sarari, kuma dalili ke nan da ya sa kusufin zobe ya fi cikakke yawa: a jerin da hukumar NASA ta wallafa na shekaru 5,000 akwai kusufin rana 11,898, na zobe 3,956 ne, cikakku 3,173. Da muka gwada na Fabrairu 2027, lambar rana ta fito 106, ta wata kusan 114, domin zai zo ne kwanaki kaɗan bayan wata ya kai ƙarshen nisansa, ga kuma rana tana kusa kamar yadda take a kowane sanyi. Mun raba 106 da 114, muka ga wata zai rufe kashi 93 cikin ɗari na faɗin rana. Na koma gida a kan kabu-kabu ina maimaita lambobin a baki kamar yaron da aka aika kasuwa.

Dare na biyu shi ne na tambayar yaushe, kuma shi ne ya fi kowane daɗi a wurina. Limamin ne ya buɗe shi da cewa, tunda kowane ƙarshen wata, wata yana bi ta tsakanin ƙasa da rana, me ya hana a yi kusufi sau goma sha biyu a shekara? Mushe ya ce, "Allah gafarta Malam, tambayar da zan yi ke nan ka riga ni." Ya ɗauko zobban ƙarfe biyu na tsohuwar ganga, ya sa ɗaya cikin ɗaya a ɗan karkace, ya nuna cewa hanyar wata ta kauce wa hanyar rana da kusan digiri 5, saboda haka wuri biyu kaɗai suke gamuwa. Waɗannan mararraba biyu su ne masana falaki na Larabawa suke kira kai da wutsiya, kuma limamin ya gyaɗa kai ya ce ya san sunayen daga littattafan hisabi. Idan ƙarshen wata ya zo rana tana nesa da mararraba, inuwar sai ta wuce ta saman ƙasa ko ta ƙarƙashinta. Rana tana isa ɗaya daga cikin mararrabar ne kowane kwana 173 ko kusa da haka, ƙofar kusufi kuma tana zama a buɗe kwana talatin da ƴan kai, shi ya sa ba a rasa kusufin rana biyu a shekara a wani wuri na duniya, ba a kuma wuce biyar, kamar yadda aka yi a 1935.

Sai ya kawo maganar watanni uku, wadda ita ce zuciyar hisabin. Daga haihuwar wata zuwa wata haihuwar kwana 29.53059 ne, shi ne watan da muke ƙirga azumi da salla da shi. Daga mararraba zuwa komowa gare ta kwana 27.21222 ne. Daga mafi kusancinsa da ƙasa zuwa wani mafi kusancin kwana 27.55455 ne. Ya hana mu yanke lambobin, ya ce wanda ya jefar da wutsiyar lamba a nan zai tarar da kuskuren kwana guda a gaba. Ya raba mu kashi uku, kashin farko su ninka na farko da 223, na biyu da 242, na uku da 239, kowa da salularsa. Amsoshin suka fito 6,585.32 da 6,585.36 da 6,585.54. Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci, domin kowa ya ga abin da ya faru ba tare da an faɗa masa ba: bayan kwana 6,585 duka ukun suna komowa wuri guda, wata ya sake haihuwa, a bakin mararraba ɗaya, a kusan nisa ɗaya, saboda haka kusufi ya sake maimaita kansa da kamanninsa. Wannan zagayen shi ake kira saros, mutanen Babila sun san shi tun ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa, kuma tsawonsa shekara 18 da kwana 11 da sa'a 8, ko kwana 10 idan shekaru masu kwana 366 guda biyar suka faɗo a tsakani. Limamin ya yi ɗan lissafi a littafinsa ya ce a ƙirgar Hijira abin ya fi sauƙi, shekara 18 ne da wata 7 cif, kuma gaskiyarsa, domin 223 ke nan.

Gwajin da ya ba mu ya taɓa ni. Ya ce a ɗauki namu na 29 ga Maris 2006 a ƙara masa saros guda. Muka sami 8 ga Afrilu 2024, ranar da cikakken kusufi ya ratsa Meziko da Amurka da Kanada. Sa'o'i takwas ɗin nan na ƙari su ne suke ba ƙasa damar juyawa sulusin zagaye, sai inuwar ta faɗi kusan digiri 120 yamma da inda ta faɗi a baya, wato duhun da ya rufe Maradi da Damagaram da Katsina shi ne ya je ya rufe birnin Dalas na Amurka bayan shekara goma sha takwas. Haka muka bi na zobe: na 3 ga Oktoba 2005 da ya bi ta Sifen da Aljeriya da Libiya da Sudan da Kenya ya dawo 14 ga Oktoba 2023 a nahiyar Amurka, na 15 ga Janairu 2010, wanda zobensa ya daɗe minti 11 da daƙiƙa 8 a tekun Indiya, zai dawo 26 ga Janairu 2028, na Fabrairu 2027 kuwa ɗan na 26 ga Janairu 2009 ne da aka gani a Indunusiya. Ya ambaci masanin falaki al-Battani, wanda ya rasu a 929, a matsayin wanda ya nuna cewa girman rana da na wata a ido yana sauyawa har kusufin zobe ya yiwu. Ya kuma ce masu lissafin zamani da suka koma baya sun tarar da kusufi ranar 27 ga Janairu 632, wanda ake dangantawa da ranar rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma shi ma na zobe ne, ko da yake a Madina wani ɓangare aka gani.

Na yaba da yadda ya bi da wata magana mai santsi. Kusufin Fabrairu 2027 zai zo ne a ƙarshen Sha'aban, sai wani ɗalibi ya nemi ya ja shi cikin gardamar ganin wata da hisabi. Ya ce abin da zai iya faɗa kawai shi ne kusufin rana shaida ce ta ido cewa wata yana daidai tsakaninmu da rana a wannan sa'ar, hukuncin ɗaukar azumi kuwa yana da masu shi, ya koma kan allo.

Dare na uku ne aka yi tuntuɓe. Saros yana ba ka rana da nau'in kusufi da ɓangaren duniya, amma ba zai faɗa maka ko zoben zai bi ta Ikko ko ta Kwatano ba, balle minti nawa zai yi. Wannan aikin hanyar Bessel ce, Bajamushen da ya tsara ta a 1824, kuma har yau da ita ake aiki. Ana ƙaddara wani shimfiɗaɗɗen allo da ya ratsa tsakiyar ƙasa yana fuskantar rana, a lissafa inda tsakiyar inuwar wata take faɗa a kansa sa'a bayan sa'a da faɗin inuwar, sannan a ɗauko garin da ake so a ga inda shi ma yake faɗa a kan allon yayin da ƙasa take juyawa da shi. Idan tazarar garin da tsakiyar inuwa ta gaza rabin faɗin da aka lissafa, garin yana ciki, kuma a lissafin akwai lamba guda wadda alamarta kaɗai take nuna ko zobe ne ko cikakke. Mushe ya zana wannan cikin minti ashirin, ya ambaci gyaran da ake yi saboda juyin ƙasa ba ya tafiya daidai da agogon da ake lissafin falaki da shi, bambancin da yanzu ya kai kusan daƙiƙa 69, wanda idan aka manta da shi taswirar za ta goce da kusan kilomita 30, daga nan sai ya ce lokaci ya ƙure, a kunna kwamfuta. Ba mu lissafa gari ko ɗaya da hannu ba, ko da misali guda da aka riga aka tauna mana. Na san ainihin matsayin wata yana buƙatar ɗaruruwan gyare-gyare da ba mai hankalin da zai yi su da biro a dare ɗaya, amma lambobin Bessel na kowane kusufi a wallafe suke, kuma da an ba mu na 2027 a takarda mun sa Maradi a ciki, da alkawarin ƙofa ya cika ko da rabi.

Ga kuma sakacin cibiyar. Kwamfuta huɗu ce take aiki ga mutum goma sha huɗu, wuta ta ɗauke kusan rabin sa'a ba a tanadi janareta ba, kuma wadda rukuninmu ya samu an bar ta a kan wani birni na Turai da agogonsa. Mun shigar da ranar kusufin a manhajar Stellarium mai nuna sararin sama, muka ga rana ta riga ta faɗi babu abin da ya taɓa ta, har telan ya fara cewa ashe lissafin jiya ƙarya ne. Sai da wata ɗalibar jami'a ta lura, ta sa digiri 13.5 arewa da 7.1 gabas, ta mai da agogo kan na Nijar, sannan muka ga baƙin wata ya fara cin gefen rana bayan la'asar sakaliya. Manhajar kanta kyauta ce, wani Bafaranshe mai suna Fabien Chéreau ya fara ta a 2001, tana aiki ba tare da intanet ba idan an riga an sauke ta, kuma na same ta da sauƙin sarrafawa. Abin da ta nuna mana shi ne Maradi ba ta cikin layin zobe: za mu ga ɓangare ne kawai, kuma rana za ta faɗi wajen ƙarfe shida da rabi tana a kame, kafin abin ya kai ƙarshen ƙarfinsa. Mai son ganin zoben sai ya gangara bakin teku. Da ragowar lokacin muka leƙa cikakken kusufin 2 ga Agusta 2027 da zai bi ta Maroko da Masar da Makka, da na 20 ga Maris 2034 da zai ratsa Nijeriya da Cadi.

Akwai abu guda da ba zan yi shiru a kansa ba. A teburin karɓar kuɗi ana sayar da tabarau na kwali a jikka ɗaya, an ce na kallon kusufi ne, amma wanda na ɗauka na duba babu sunan masana'anta a jikinsa, babu kuma lambar ISO 12312-2 da ake bugawa a kan na ƙwarai. Da na nuna wa Mushe, ya ce ba da saninsa aka kawo su ba, kuma a gaban kowa ya hana saye. Ya tuna mana lissafin daren farko: idan wata ya rufe kashi 93 na faɗin rana, kusan kashi 14 na fuskarta yana nan yana ci, saboda haka a kusufin zobe babu daƙiƙa ɗaya da ake kallo da ido tsirara, balle a namu na ɓangare. Ya ƙara da cewa Fabrairu lokacin hazo ne, rana tana yin ja ta yi laushi da marece har mutum ya ɗauka ba ta cutarwa, kuma gilashin da aka shafa wa hayaƙi ko ruwa a kwano ba kariya ba ne. Ya nuna mana yadda matacin kwano mai ƙananan huji, ko kwali da aka huda da allura, yake zuba siffar rana a ƙasa ga wanda ya juya mata baya.

Ga malamin makaranta, ko limami, ko duk wanda ya iya ninkawa da rabawa kuma yake son ya daina cewa "masana sun ce" ba tare da ya san me suka yi ba, ina ba da shawarar ya je, ya tafi da littafi da biro da salula mai caji, ya kuma zauna gaba domin muryar Mushe ba ta kai ƙarshen ɗaki idan fanka tana juyawa. Bayaninsa da Hausa yake, Faransanci sai wurin sunayen da ba makawa, kuma wannan kaɗai ya sa telan da limamin ba su yi baya ba. Wanda kuwa yake tsammanin zai fito yana zana taswirar layin kusufi da kansa, ya tambayi masu cibiyar tun kafin ya biya ko sun ƙara dare na huɗu. Mu bakwai daga cikin ajin mun rubuta musu takarda muna roƙon haka, har mun ce za mu ƙara jikka bibbiyu idan za a kawo lambobin Bessel na 6 ga Fabrairu a buge, a kuma tabbatar da wuta. Sun ce za su ba mu amsa bayan sun yi magana da Mushe.